Tambayoyi da amsoshi: yadda ake auna malamin lissafi da ci gaban ɗalibansa a Amurka

A jihohin Amurka da dama, ba shiga aji da duba littafin tsara darasi kaɗai ake yi ba idan za a auna ƙwazon malami. Akwai wata takarda da malamin ke cikewa da hannunsa a farkon shekarar karatu, inda zai faɗi matsayin da ya tarar da ɗalibansa da kuma inda yake sa ran kai su. A ƙarshen shekara sai a ɗauko ta a gwada da abin da ya faru. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan tsari, musamman a darasin lissafi.

Mene ne ainihin wannan buri da malami ke rubutawa?

Alkawari ne a rubuce mai ƙafa huɗu: waɗanne ɗalibai, wane ɓangare na manhaja, da wane gwaji za a auna, kuma zuwa wane lokaci. Sunansa ya bambanta daga jiha zuwa jiha. A New Jersey SGO ake ce masa, wato burin ci gaban ɗalibi, a New York da Rhode Island SLO, wato burin koyon ɗalibi. Dokar jihar Washington ta fayyace ci gaba da cewa shi ne canjin da aka samu a ilimin ɗalibi tsakanin lokuta biyu. Ke nan ba a tambayar yara nawa suka ci jarrabawa, ana tambayar nisan da kowane yaro ya yi daga inda ya tashi. Malamin da aka ba ajin da ke can baya zai iya fin malamin ajin haziƙai maki, in har yaransa sun fi matsawa.

Daga ina abin ya faro?

Birnin Denver ne aka fi ambata. A 1999 hukumar makarantun birnin da ƙungiyar malamai suka fara gwajin biyan malami ƙarin kuɗi idan ya cimma burin da ya rubuta, kuma a 2005 mutanen birnin suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da harajin dala miliyan 25 a shekara domin tsarin da aka kira ProComp. Austin ta jihar Texas ta biyo baya a 2007.

Amma abin da ya watsa shi ƙasa baki ɗaya kuɗi ne. A 2009 gwamnatin Obama, ta hannun sakataren ilimi Arne Duncan, ta ware dala biliyan 4.35 domin gasar Race to the Top, kuma jihar da ke son rabonta sai ta yarda ta saka ci gaban ɗalibai a cikin ma'aunin malamai. A shekarar dai wani rahoto na TNTP, ƙungiya mai aiki kan harkar malamai, ya nuna cewa a gundumomin da ake raba malamai gida biyu, mai gamsarwa da marar gamsarwa, sama da kashi 99 cikin ɗari ana rubuta musu mai gamsarwa. Wannan adadi ya yi wa 'yan siyasa daɗin baki ƙwarai. Daga 2011 kuma gwamnatin tarayya ta sa wannan sharaɗi ga duk jihar da ke neman sassauci daga dokar ilimi ta zamanin Bush.

Ai akwai jarrabawar jiha. Me ya sa ba za a tsaya a kanta ba?

Saboda mafi yawan malamai ba su da ita. Dokar tarayya ta wajabta jarrabawar karatu da lissafi kowace shekara daga aji 3 zuwa aji 8 (a Amurka ana ƙirga aji daga 1 zuwa 12, tun firamare har ƙarshen sakandare), sai kuma sau ɗaya a babbar sakandare. Malamin aji 1 ba shi da jarrabawar jiha. Na aji 3 yana da ita, amma babu ta bara da za a kwatanta da ita. Malamin da ke koyar da jometiri ko kalkulas a sakandare shi ma galibi haka. A New Jersey, makin ci gaba da jiha ke lissafawa da kanta ya shafi malaman lissafi na aji 4 zuwa 7 ne kawai. An bar aji 8 a waje don da yawa daga yaran sun riga sun shiga aljabara, jarrabawarsu daban.

Ko inda jarrabawar take, lissafin da ake ciro rabon malami daga cikinta yana da masu suka. Hanyar da William Sanders ya ƙirƙiro wa jihar Tennessee, da wadda Damian Betebenner ya tsara wa Colorado, duk suna dogara da ƙididdigar da malamin aji ba zai iya bi da alƙalaminsa ya tabbatar ba. A 2014 ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa cewa yawancin binciken da aka yi ya nuna malami ne sanadin kashi 1 zuwa 14 cikin ɗari kacal na bambancin makin ɗalibai. Burin da malami ya rubuta da kansa aƙalla ya san abin da ke ciki.

Me ake nufi idan aka ce burin ya dace, ko ya daidaita?

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi zamewa. Abu uku ne dole su hau layi ɗaya: abin da manhaja ta ce yaro ya iya, abin da malami ya koyar, da abin da gwajin ya tambaya. In ɗaya ya kauce, lambar da za ta fito a ƙarshe ba ta da ma'ana, komai kyanta.

Ɗauki aji 5. Manhajar Common Core, wadda aka fitar a 2010 kuma jihohi sama da 40 suka karɓa a lokacin, ta ce yaro ya iya tarawa da ɗebe ɓangarorin lamba, irin su rabi da sulusi da rubu'i, ko da lambobinsu na ƙasa ba iri ɗaya ba ne. Ba ta tsaya nan ba. Ta ce ya iya warware tambayar da aka ba shi cikin labari, kuma ya iya ƙiyasta ko amsarsa ta shiga hankali. To sai malami ya rubuta buri a kan wannan, amma gwajinsa tambaya 20 ne duk iri ɗaya: ga lamba, ga lamba, tara. Yaron da ya haddace matakai zai cinye duka ba tare da ya san me ya sa ake neman lambar ƙasa ta bai ɗaya ba. An auna kashi ɗaya cikin uku na abin da manhajar ta nema, an rubuta cewa an auna duka.

Akwai wata tsohuwar tambaya da ke tona wannan asiri. A ƙarshen shekarun 1970, a jarrabawar ƙasa ta NAEP, an ce wa yara 'yan shekara 13 su ƙiyasta 12/13 a tara da 7/8, su zaɓa tsakanin 1 da 2 da 19 da 21. Kowanne daga cikin ɓangarorin biyu ya kusa cika ɗaya, amsa ita ce 2. Kusan yaro ɗaya cikin huɗu ne ya dace. Fiye da rabi sun zaɓi 19 ko 21, wato sun tara na sama ko sun tara na ƙasa. Da yawa cikin yaran nan da an ba su takarda da lokaci za su bi matakai su fitar da amsa. Gwajin da ya dace da manhaja sai ya ƙunshi irin wannan tambaya, tare da wadda za a ce yaro ya nuna 3/4 a kan layin lamba, da wadda za a ce ya bayyana me ya sa 1/2 da 1/3 ba za su ba da 2/5 ba.

Masu manhajar sun raba ƙwarewar lissafi gida uku: fahimtar dalili, saurin aiki ba kuskure, da amfani da shi a matsalar zahiri. Hanya mafi sauƙi ta duba gwaji ita ce a ɗauki kowace tambaya a rubuta a gefenta wane layi na manhaja take aunawa da kuma wane gida cikin ukun. In aka gama aka ga gida ɗaya ya cinye takardar, a koma a sake.

Akwai kuma daidaito na biyu, na sama da ƙasa. A Washington, cikin ma'aunai takwas da ake duba malami da su, uku sun taɓa ci gaban ɗalibi: na 3 kan wani rukuni na yara da ke buƙatar kulawa ta musamman, na 6 kan aji gaba ɗaya, na 8 kan aikin haɗin gwiwa da sauran malamai. Mai dabara ba ya rubuta buri uku mabambanta. Malaman aji 5 za su haɗu su zaɓi ɓangarorin lamba, kowa ya rubuta na ajinsa a kan haka, sannan ya ware yaran da Ingilishi ba harshen gidansu ba ne, misali, ya sa musu ido a kan tambayoyin labari. Gwaji ɗaya, tattaunawa ɗaya, kuma shugaban makaranta zai iya jingina nasa burin a kai.

Lissafi da faɗi yake. Wane ɓangare za a zaɓa?

Wanda shekara mai zuwa za ta hau kansa. A aji 3 ninkawa da rabawa ne, da fara ganin ɓangare a matsayin lamba. Aji 4 da 5 ɓangarorin lamba. Aji 6 da 7 gwargwado da daidaiton kaso. Aji 8 lissafin miƙaƙƙen layi, ƙofar aljabara. Kwamitin ƙasa da ya duba koyar da lissafi a 2008 ya nuna ɓangarorin lamba a matsayin babban gibin da ke hana yara aljabara, kuma binciken Robert Siegler da abokan aikinsa na 2012, a kan yaran Amurka da Birtaniya, ya gano cewa sanin ɓangarori da rabawa a firamare yana hasashen ƙoƙarin yaro a lissafin sakandare, ko bayan an cire tasirin arzikin gida da ilimin iyaye.

Kuskure biyu ake yi. Wani ya ƙuntata, ya zaɓi darasin mako biyu kamar karanta agogo. Wani ya buɗe, ya ce yara za su ci gaba a lissafi, shi ke nan. Na farko ba ya wakiltar aikin shekara, na biyu ba ya gaya wa malami abin da zai yi ranar Litinin.

Yaya ake sanin inda yaro ya tsaya a farkon shekara?

Abin da aka fara yi a wurare da dama shi ne a ba yara jarrabawar ƙarshen shekara a watan Satumba, a sake ba su ita a Mayu. A takarda ya yi kyau. A aljabara kuwa shirme ne. Yaron da bai taɓa ganin darasin ba zai yi ta canki-canki, kuma in zaɓi huɗu ne kowace tambaya, sa'a kaɗai za ta ba shi wajen kashi 25. Haziƙi da rago duk za su taru a ƙasa, malami bai ƙaru da komai ba, yara kuma sun fara shekara da takardar da ta ce musu ba su san komai ba. A Mayu kowa ya haura, sai a ce ci gaba. To ina zai je in ba sama ba?

Shi ya sa New Jersey ta koma ba malamai shawarar haɗa shaidu da yawa: makin bara, gwajin abubuwan da ya kamata yaro ya zo da su, ayyukan makonnin farko, har da yadda yake zuwa makaranta da yin aikin gida. Malamin aljabara ya fi amfana da sanin ko yaro ya iya lambobin da ke ƙasa da sifili da gwargwado, fiye da tabbatar da cewa bai san abin da ba a koya masa ba tukuna.

A ba mu misali.

A ƙaddara aji 5 mai yara 28. Bayan makonni shida malama ta raba su uku bisa shaidun da ta tara: 8 ba su riƙe darasin aji 4 ba, 14 suna daidai, 6 sun yi gaba. Ita da sauran malaman aji 5 sun tsara gwaji mai maki 100 a kan ɓangarorin lamba, da tambayoyin aiki da na bayani da na labari. Sai ta rubuta cewa zuwa ƙarshen Afrilu rukunin farko za su kai 65, na biyu 80, na uku 90 tare da wani aiki mai zurfi da za a duba da ma'auni na daban. Sannan a amince da sikeli: in kashi 85 na yaran ko fiye suka kai inda aka sa musu, maki 4, in 70 zuwa 84, maki 3, haka har ƙasa.

A lura ba ta ce matsakaicin makin aji zai tashi ba. Matsakaici yana ɓoye yara. Shida na sama za su iya ja shi sama alhali takwas na ƙasa suna nan inda suke.

Yaran da suka riga suka yi nisa fa? Ina za su matsa?

Matsala ce ta gaske. Wata dabara da ta yaɗu ita ce kowane yaro ya cike rabin tazarar da ke tsakaninsa da 100. Mai 20 ya kai 60, mai 80 ya kai 90. Tana da sauƙin lissafi, amma ta ɗauka cewa duk maki nauyinsu ɗaya, alhali maki goma na ƙarshe su ne masu wuya. Yaron da ya fara da 94 kuwa, kuskure ɗaya na gaggawa ya isa a ce ya koma baya. Maganin ba a lamba yake ba, a gwajin yake: dole ya kasance da tambayoyin da har haziƙi zai yi gumi, da waɗanda na baya zai samu abin kamawa.

Wa ke sa hannu, kuma ana iya canzawa?

Shugaban makaranta ko mataimakinsa. A New Jersey wa'adin amincewa 31 ga Oktoba ne, kuma an bar ƙofar gyara har 15 ga Fabrairu idan akwai dalili, kamar ajin ya canza sosai ko malami ya yi doguwar jinya. Raunin shi ne shugaban da ya karanta tarihi ko Ingilishi zai duba gwajin kalkulas. Zai ga an cike kowane gurbi, ba lallai ya gane ko tambayoyin sun yi sauƙi ba. Makarantun da suka ɗauki abin da gaske suna bi ta hannun shugaban sashen lissafi tukuna.

Nawa ne nauyinsa a sakamakon malami?

Ya danganta da jiha da shekara. New Jersey ta fara da kashi 15 cikin ɗari a 2013. Ohio a tsarinta na farko ta ba ci gaban ɗalibi rabin makin gaba ɗaya.

Malami ne ya sa buri, shi ya tsara gwaji, shi ya yi maki. Ba zai yi wa kansa sauƙi ba?

Zai yi, kuma ba sai mugu ba. Mai sayar da hatsi ne aka ce ya zo da mudunsa. Idan aikin mutum da albashinsa sun rataya a kan lambar da shi zai zaɓa, hankali zai ce masa ya zaɓi wadda ya tabbata zai kai. Hanyoyin sanannu ne: a tsananta maki a Satumba a sassauta a Mayu, a gaya wa yara gwajin farko ba ya cikin sakamako don kada su dage, a yi ta maimaita tambayoyin gwajin a aji har su zama hadda. Masanin zamantakewa Donald Campbell ya faɗi tun shekarun 1970 cewa duk ma'aunin da aka ɗora wa hukunci mai nauyi, matsin lalata shi yana ƙaruwa. Abin da ya faru a Atlanta, inda kotu ta samu malamai da jami'ai 11 da laifi a 2015 kan gyara amsoshin yara a jarrabawar jiha, ya nuna iyakar inda matsi ke kai mutane, duk da can ba burin da malami ya rubuta ake magana ba.

Ana rage ɓarnar da gwaji na bai ɗaya ga duk malaman aji guda, da musayar takardu wajen yin maki. Amma a ganina ba a raba abin da wannan cuta gaba ɗaya. Tsarin yana da kyau matuƙa wajen tilasta wa malami ya san yaransa ɗaya bayan ɗaya tun Oktoba, ya kuma zauna da abokan aikinsa su yi gardama a kan me ake nufi da yaro ya iya. Wajen kwatanta malami da malami kuwa, ko yanke wa wani hukuncin kora, ma'auni ne mai rauni, domin maki 4 na wannan aji da maki 4 na wancan ba abu ɗaya suke aunawa ba. Malamar da ta sa buri mai tsauri ta faɗi kaɗan tana iya fin wadda ta sa mai sauƙi ta tsallake.

Yaron da ba ya zuwa makaranta, shi ma a wuyan malami yake?

Wasu jihohi sun sa iyaka. A tsohon tsarin Ohio ana cire yaron da ya yi fashin kwana 45 ko fiye daga lissafin. Sai dai a rubuta ƙa'idar tun farko. In aka bari sai Mayu, kowane yaron da bai kai ba za a nemo masa uzuri.

Har yanzu ana yi?

Ana yi, amma guguwar ta lafa. A Disambar 2015 Obama ya sa hannu a sabuwar dokar ilimi mai suna ESSA, wadda ta hana gwamnatin tarayya tsoma baki a yadda jihohi ke auna malamansu. Jihohi da dama suka rage nauyin ci gaban ɗalibi ko suka bar wa gundumomi zaɓi. Ohio ta yi doka a 2018 da ta kawar da SLO daga sabon tsarinta. Washington ta riƙe nata amma ta sake ma'aunin, ta karkata ga yadda malami ya san ɗalibansa da abin da ya yi da sakamakon, maimakon yawan waɗanda suka haye wata lamba.

Akwai abin da makarantunmu za su ɗauka a nan?

A matsayin ma'aunin ƙarin girma ko kora, da wuya. Tsarin ya ginu ne a kan aji mai yara 25 zuwa 30, da bayanan kowane yaro na bara a kwamfuta, da shugaban da ke da lokacin zama da kowane malami sau biyu ko uku a shekara. Malamin da ke gaban yara 100 a firamaren gwamnati ba ya cikin wannan duniya. A Najeriya ma an fi karkata ga gwada malamin kansa, kamar yadda jihar Kaduna ta yi a 2017, inda aka ce 21,780 cikin 33,000 ba su kai makin da aka sa ba.

Ɓangaren da ba ya buƙatar kuɗi shi ne na farkon shekara. Tsarin koyarwa daidai da matakin yaro, wanda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da shi kuma aka gwada a wasu jihohin Arewa har da Kano, a kan wannan tunani yake: a gwada yaro baki da baki na 'yan mintuna, ya gane lamba, ya iya ɗebewa, ya iya rabawa, a raba aji rukuni-rukuni, a sake gwadawa bayan makonni. Bambancin shi ne ba a rataya albashin kowa a kan sakamakon ba, don haka malami ba shi da dalilin ɓoye yaran da ba su iya ba.

Me malami zai riƙo idan zai zauna da shugaba a ƙarshen shekara?

Jerin sunayen yara da makin farko da na ƙarshe da inda aka sa wa kowa, kwafin gwajin da alamar layin manhajar da kowace tambaya ta auna, da gwaje-gwajen tsakiya guda biyu ko uku. Ya haɗa da ainihin takardun wasu yara, na sama da na tsakiya da na ƙasa, domin takardar yaron da a Oktoba ya rubuta 2/5 a matsayin amsar rabi da sulusi, a Afrilu kuma ya zana layin lamba ya fitar da 5/6, tana nuna abin da jadawalin maki ba zai nuna ba. Yaran da ba su kai ba kuma a zo da bayanin kowannensu: wace tambaya ta kayar da shi, me aka gwada a kansa a Janairu, da abin da za a gaya wa malamin aji 6 kafin ya karɓe shi.